Blue Train ko Rovos Rail: wanne ya fi dacewa da matafiyin da ya taso daga Zangon Kumasi?

Bayan da kawuna ya aurar da autarsa a Aboabo, sai ya kira ni shagonsa ya ce yana so ya cika wa matarsa Hajiya alkawarin da ya daɗe da yi mata, wato ya kai ta tafiyar da ba ta fatauci ba ce, ba kuma ta gaisuwar rasuwa ba. Abin da yake so shi ne jirgin ƙasa mai taragon cin abinci, inda mutum zai zauna a teburi ana kawo masa kwano bayan kwano, ƙasa tana wucewa ta taga. Shi yana cikin mutanen da suka hau jirgin dare na Kumasi zuwa Takoradi a zamanin da layin yamma yake aiki sosai, kuma har yau idan ya wuce ta tsohuwar tashar jirgi kusa da Adum, ya ga 'yan kasuwa sun baje kaya a gefen ƙarfen dogo, sai ya girgiza kai. An fara shimfiɗa layin nan daga Sekondi a 1898, ya iso Kumasi a 1903, na Akra kuma ya haɗe a 1923, kuma ta kansu ne kakanninmu suka riƙa sauke huhunan goro zuwa bakin teku. Yau babu jirgin fasinja da ke tashi daga Kumasi, sabon layin Tema zuwa Mpakadan kuwa bai kai kilomita 100 ba, kuma ba don cin abinci da kallon ƙasa aka yi shi ba.

Don haka mai wannan buri dole ya fita waje, kuma Afirka ta Kudu ce ta fi sauƙin shiga, domin tun daga 1 ga Nuwamba 2023 mai fasfo ɗin Gana yana iya zuwa can ba tare da biza ba har tsawon kwana 90. Jirgin sama daga Akra zuwa Johannesburg awa shida ne ko kusa da haka, sai dai kada a manta katin rigakafin shawara, don ana tambayar duk wanda ya fito daga ƙasarmu. A can akwai jirage biyu da suka yi suna, Blue Train da Rovos Rail, kuma dukansu suna bin hanya ɗaya, daga Firitoriya zuwa Cape Town, tafiyar kilomita kusan 1,600. Tun da hanyar ɗaya ce, mutum zai zaci duk wanda ya shiga daidai ne. Na yi makonni ina bin bayanansu saboda kawu, na kuma gane cewa bambancinsu yana da yawa, kuma ga Musulmi ɗan Zango wurin da bambancin ya fi nauyi daban yake da wurin da masu talla suke nunawa.

Blue Train shi ne babba a shekaru. Asalinsa jirage biyu ne, Union Limited da Union Express, waɗanda suka fara aiki a 1923 suna kai attajiran ma'adinai daga Johannesburg zuwa tashar jiragen ruwan da ke tafiya Ingila. A 1946 ne sunan Blue Train ya tabbata a hukumance saboda shuɗin fentin taragansa, kuma an sabunta shi gaba ɗaya a 1997. Mallakar gwamnati ne, a ƙarƙashin kamfanin Transnet. Rovos kuwa na ɗan kasuwa ne, Rohan Vos, wanda ya fara shi a 1989 bayan ya bi ƙasar yana sayen tsofaffin taragai da aka yi watsi da su yana gyarawa, kuma yana da tasharsa ta kansa a Capital Park cikin Firitoriya, inda ake gyaran taragan da tsofaffin kawunan jirgi masu aiki da gawayi. A nan akwai abin da ya kamata a sani tun da wuri, domin hotunan talla suna ruɗin mutane: kan jirgi mai hayaƙin nan ba shi ke jan Rovos a doguwar tafiya ba, na dizal ko na lantarki ne ke ja, mai gawayin a kewayen tashar kawai ake ganinsa.

Wannan tarihi shi ya raba halinsu. Blue Train yana so fasinja ya ji kamar yana babban otal na zamani da aka ɗora bisa ƙarfe. Tagoginsa a rufe suke ruf, gilashinsu mai rage zafin rana da ƙara, akwai na'urar sanyaya ɗaki, da talabijin, da intanet gwargwadon yadda hanya ta bari, kuma kowane tarago yana da hadimin da ake kira dare ko rana. Yana iya gudun kilomita 90 a awa, kuma an san shi da laushin tafiya, wanda ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa faɗin layin can ƙafa uku da rabi ne kacal, daidai da tsohon layinmu na Gana. Rovos yana so ya mayar da mutum zamanin da ya wuce. Bangon taragansa katako ne mai sheƙi, babu talabijin ko rediyo, ana roƙon fasinja ya bar waya da kwamfuta a ɗakinsa kada ya fito da su wuraren zaman jama'a, kuma ba ya wuce kilomita 60 a awa. Tagoginsa suna buɗuwa, har ana ajiye wa mutum tabarau na kare ido daga ƙura idan yana so ya leƙa da kansa waje, sannan a ƙarshen tarago na baya akwai baranda buɗaɗɗiya da ake zama a sha iska ana kallon dogo yana gudu da baya. Saboda wannan jan ƙafa, Rovos yana kwana uku a hanya, Blue Train kuwa kwana biyu.

Da na kai wa kawu waɗannan bayanai, na tarar da shi a bencin ƙofar shago da kofin shayi a gefensa. Ya karɓi takardun da na bugo, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon hoton taragon cin abinci mai fararen tufafin teburi da kofunan gilashi huɗu a gaban kowace kujera. Sai ya ɗora yatsa a kan hoton wani farantin nama ya ce, "Ɗana, duk na ji. Amma wa ya yanka?" Na ce, "Kawu, wannan ita ce tambayar da ba su sa a talla ba." Kuma a gaskiya a kan wannan tambaya ce zaɓin ya fi rataya, don haka zan daɗe a kanta.

Kuɗin tikitin jiragen biyu ya haɗa da komai: ɗaki, abinci, yawon da ake fita a zango, da abin sha, har da giya. Afirka ta Kudu ƙasar inabi ce, kuma tsarin cin abincin dare a jiragen nan an gina shi ne a kan haɗa kowane kwano da irin giyar da suke ganin ta dace da shi. Ke nan wanda ba ya sha yana biyan wani kaso na abin da ba zai taɓa ba, kuma ba a rage masa komai. Wannan hasara ce da ta shafi jiragen biyu daidai, sai mutum ya yanke tun farko ko zai iya zama a tarago inda maƙwabcin teburinsa ke sha. Wanda zuciyarsa ba za ta natsu da haka ba, yana iya neman a kawo masa abinci ɗaki, amma sai ya san cewa ya bar rabin abin da ya zo nema, tunda taragon cin abincin shi ne zuciyar tafiyar.

Inda suka rabu shi ne nama. Blue Train yana karɓar buƙatar abincin halal idan an sanar da shi lokacin yankan tikiti. Rovos kuwa yana kula da masu cin ganye kawai da masu larurar lafiya, amma ya bayyana a ƙa'idojinsa cewa ba ya iya shirya abincin da sai an kiyaye dokokin addini sosai wajen dafa shi. Ban ga laifinsa ba a nan, domin gara wanda ya faɗi iyakarsa da wanda zai amsa da "to" ya kawo abin da ya ga dama, kuma ɗakin girkin jirgi ɗan ƙarami ne, tukwane da wuƙaƙe suna haɗuwa. Abin da wannan ke nufi ga mai tsanani a kan yanka shi ne a Rovos zai yi kwana uku a kan kifi, ƙwai, ganyaye, 'ya'yan itatuwa da burodi. Ba yunwa zai ji ba, kifin tekun can yana da kyau, amma zai ga ana wucewa da naman ragon yankin Karoo da jirgin ke ratsawa, wanda ya yi suna saboda ƙamshin ciyayin da tumakin ke ci, da naman jimina da na barewa, shi kuwa sai ido. A Blue Train ma bai kamata a tsaya a kan kalmar "halal" da wakilin tafiye-tafiye ya faɗa ta waya ba. Ƙasar tana da hukumomin tantance abinci da Musulminta suka yarda da su, irin su SANHA da sashen halal na Majalisar Shari'ar Musulunci ta Cape Town, wadda aka kafa a 1945, saboda haka tambayar da ta dace ita ce ko naman yana da shaidar ɗaya daga cikinsu, kuma a nemi amsar a rubuce. A haɗa da tambayar ko ana sa giya a miya ko a kayan zaƙi, domin girkin Turawa yana yawan yin haka har a abincin da babu nama cikinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: jirgin da ya bar Firitoriya ba zai tsaya a tsakiyar daji a nemo mahauci ba.

Akwai kuma tsarin cin abincin kansa, wanda zai iya ba ɗan Zango mamaki. Mu da muka saba da malmalar tuwon zafi ko kwanon wake da shinkafa a ci a tashi, za mu tarar da abinci kaɗan-kaɗan a tsakiyar babban faranti, ana kawo shi hawa huɗu ko fiye, zaman yana ɗaukar awa biyu. A Rovos ana buga ƙararrawa kowa ya hallara lokaci ɗaya, kuma yawanci abin da kuku ya tsara shi kowa ke ci. Blue Train ya fi ba da zaɓi a cikin jerin abincinsa. Babu wanda za a samu yaji irin namu a cikinsa, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya tafi da ɗan kwalabar yajinsa. Dukansu suna buƙatar shiga ta mutunci a abincin dare, namiji da kwat da laktaye, mace da kayan fita. Kawu ya ce shi bai taɓa ɗaura igiya a wuya ba kuma ba zai fara da tsufansa ba. Ina ganin babbar riga mai aiki da hula ta fi kwat ɗin kowa cika ido a wannan tarago, amma a ambaci hakan a wasiƙar yankan tikiti tare da batun abinci, don kada a tsaya jayayya a ƙofar tarago.

Salla ma tana da nata lissafi. Kowane ɗaki a jiragen biyu yana da bayinsa, don haka alwala ba matsala ba ce, sai dai a tafi da ƙaramar buta domin ba za a tarar da ita ba. Fili ne abin dubawa. Ƙaramin ɗakin Rovos, wanda suke kira Pullman, murabba'in mita 7 ne, kuma idan an buɗe gado da dare wurin shimfiɗa darduma yana ƙuntata ƙwarai. Na tsakiya mita 10 ne, babban kuma 16, har da bahon wanka. A Blue Train ɗaki iri biyu ne, kuma da rana hadimi yana naɗe gado ya mayar da wurin falo, wanda ke buɗe fili. Alƙibla daga can tana arewa ne da ɗan karkata gabas, ba gabas ba kamar yadda muka saba a Kumasi, kuma jirgi yana juyawa, saboda haka na'urar nuna alƙibla ta waya tana da amfani. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, hukuncin haɗa salloli da yin su cikin jirgi mai tafiya kuwa a tambayi malami kafin a tashi. Wani abin da ba mu saba da shi ba shi ne motsin magariba. A nan kullum tana kusa da ƙarfe shida, amma a kudancin can tana kaiwa kusan takwas na dare a Disamba, ta dawo kafin shida a Yuni, don haka a lokacin zafinsu tana iya faɗowa ana tsakiyar cin abincin dare. Watan azumi kuwa bai dace da wannan tafiya ba ko kaɗan, tunda mutum zai biya kuɗin abincin rana da shayin la'asar da ba zai ci ba.

Game da abin da ake gani, ya kamata a faɗi gaskiya: kashi na farko na hanyar ba shi da wani abin burgewa. Bayan Firitoriya unguwanni ne da masana'antu da tulin ƙasar ma'adinan zinariya, waɗanda duk wanda ya san Obuwasi zai gane su, sai gonakin masara. Daɗin yana farawa daga Kimberley, inda dukansu suke tsayawa a kai fasinja Babban Rami, wanda dubban leburori suka haƙa da diga da shebur daga 1871 zuwa 1914, aka fitar da lu'ulu'u kimanin kilo 2,700, zurfinsa kuma ya haura mita 200. Daga nan sai Karoo, fili mai faɗi da ƙarancin ruwa, gajerun ciyayi, tumaki, injinan jan ruwa masu juyawa da iska, da duwatsu masu shafaffen kai, ƙasar da za ta tuna wa wanda ya taɓa haurawa arewa da Bolgatanga da rani wani abu, ko da yake ta fi can bushewa da rashin mutane. Rovos yana ƙara zango a Matjiesfontein, ɗan ƙauyen da wani ma'aikacin jirgi ɗan Sikotland, James Logan, ya kafa a 1884, wanda har yau gine-ginensa suna nan kamar yadda aka bar su. Bayan nan jirgi yana ratsa ramukan dutse, mafi tsawonsu ya wuce kilomita 13, ya ɓullo kwarin Hex mai cike da gonakin inabi da manyan duwatsu a kowane gefe. A nan ne Rovos ya yi wa Blue Train nisa. Kallon Karoo ta gilashi a ɗaki mai sanyi daban yake da zama a baranda ana jin busasshiyar iska da ƙamshin ƙasa, ga taurari da dare a wurin da babu fitilar gari. Wanda ƙasar ce ta kawo shi, ba kwalliyar ɗaki ba, Rovos ne nasa.

Kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, domin yana canzawa da kaka da irin ɗaki, kuma darajar sidi ba ta zama wuri ɗaya. Kowannensu dubun dubatar rand ne ga mutum ɗaya, tafiya ɗaya ba da dawowa ba, Rovos kuma yakan fi tsada a jimla saboda ƙarin kwanan. A ɗora kuɗin jirgin sama daga Akra, da na dawowa daga Cape Town, da otal kafin tafiya da bayanta. Otal ɗin nan ba almubazzaranci ba ne. Jiragen biyu suna bin layin da jiragen kaya ke bi, satar wayoyin lantarki da lalacewar sigina suna jawo jinkiri na awoyi, don haka wanda ya sa jirginsa na sama a ranar isowa ya ɗauki kasada, kuma jinkirin yana iya sa a ratsa wuri mai kyau cikin duhu. Wanda kuɗin nan ya fi ƙarfinsa amma yana son ganin daji ta tagar jirgi, akwai Madaraka Express na Kenya da aka buɗe a 2017, daga Nairobi zuwa Mombasa cikin awa biyar zuwa shida, yana ratsa gandun dajin Tsavo inda akan hango giwaye, sai dai jirgin sufuri ne da ake sayar da abinci a cikinsa, ba a kwatanta teburinsa da waɗancan.

Lokacin tafiya ma yana canza abin da za a samu. Yanayinsu akasin na Turai ne: Yuni da Yuli sanyi ne mai tsanani, daren Karoo yana kaiwa ga ƙanƙara, wanda sanyin hunturunmu bai kama ƙafarsa ba, kuma rana gajera ce. Oktoba da Nuwamba sun fi dacewa da dattawa, zafi bai yi yawa ba, yini ya fara tsawo, itatuwan jakaranda kuma sun rufe titunan Firitoriya da furanni masu launin shuni. Na kuma fi son a tashi daga Firitoriya a nufi kudu, domin ta haka kyan hanya yana ƙaruwa ne har a ƙare da duwatsu da teku.

Da ni ne zan tafi, Rovos zan shiga, in haƙura da kifi in zauna a baranda. Amma kawu ya haura saba'in, Hajiya tana fama da gwiwa kuma ƙura tana tayar mata da tari, shi kuma ba zai yi kwana uku wayarsa tana ɗaki ba alhali yaran shago suna nemansa, sannan ba zai ji daɗin teburin da ba zai ci namansa ba. Na ba shi shawarar Blue Train, da sharaɗin amsar halal ta zo a rubuce kafin a biya ko kobo, kuma kwanan da ya rage daga na Rovos a ƙara shi a Cape Town. A can unguwar Bo-Kaap take, mai gidaje masu launi kala-kala da ɗakunan abincin Musulmin Malay, da Masallacin Auwal da aka kafa a 1794, mafi tsufa a ƙasar, wanda limaminsa na farko, Tuwan Guru, ya rubuta Alƙur'ani da ka lokacin da yake tsare a tsibirin Robben. Da kawu ya ji wannan sai ya ajiye takardun jirgin gefe ya ce a duba jadawali a zaɓi tafiyar da za ta sa Juma'a ta same su a garin. Hajiya kuwa, da aka kai mata labari, abin da ta fara tambaya shi ne ko za a bar ta ta shiga jirgin sama da kwalabar yajinta, na ce mata a sa ta cikin babban akwati, a ɗaure bakinta da kyau, kusa da butar.